Layi Goman Fermín

Ranar Talata da la'asar Malama Nieves ta rubuta kalmomi uku a allo: hablar, comer, vivir. Magana, ci, zama. Ta juyo ta dubi ɗalibanta bakwai, waɗanda ƙaraminsu ya ba wa shekara sittin baya, ta kaɗe alli daga hannunta.

"Na yau mai sauƙi ne," in ji ta. "Ba a cire komai, ba a karya komai. Ku ɗauki kalma yadda take, ku maƙala mata wutsiya." Ta ƙara wa kowacce haruffa biyu a ƙarshe: hablaría, comería, viviría. "Da na yi magana. Da na ci. Da na zauna. Haka ake faɗin abin da mutum zai yi, da a ce hali ya yi."

"Ai wannan mun daɗe da iyawa, Malama," in ji Basilisa, tsohuwar da bakinta ba ya hutu ko a coci. "Shekara arba'in ina cewa da na bar mijina, ƙarshe shi ya riga ni tafiya."

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta ce, "Faɗa kam kun iya, Inna Basilisa, rubutawa ce saura. Layi goma kowa zai kawo. A saka min a akwati kafin azahar ɗin Alhamis, don in duba kafin mu zauna."

Fermín Latorre bai yi dariya ba. Yana zaune a gefen taga, a ɗakin saman gidan majalisar ƙauyen Valdecierzo inda ake yin ajin manya, fensir ya ɓace cikin ƙaton hannunsa. Kujerar da ke kusa da shi babu kowa. Ta Otilia ce, kuma tun watan Janairu da ta zame a matakalar ƙofarta ta karye a ƙugu ba ta ƙara hawo benen nan ba. Babu wanda ya ɗauke kujerar. Sau ɗaya Basilisa ta so ta ɗora jakarta a kai, Fermín ya yi mata wani kallo, ta sauke abarta ƙasa.

Shekararsa saba'in da ɗaya. Yana ɗan tara aka cire shi daga makaranta aka haɗa shi da tumaki, ya bi su har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. In ka tambaye shi me ya kawo shi aji da furfura, sai ya ce ɗakin akwai ɗumi. Ƙarya ce tsagwaronta, don a watan Yuni ake, ga shi nan kuma yana zuwa. Otilia ce ta fara shiga, shi kuma ya biyo bayan sati guda.

Ƙofarsa da tata suna kallon juna, taku goma sha ɗaya a tsakani. Ya ƙirga, ba sau ɗaya ba. Idan zafi ya shigo, kowa a Valdecierzo yakan fito da kujerarsa ƙofar gida da yamma ya sha iska, su ma haka suke yi. Ita a bakin koriyar ƙofarta, shi a bakin tasa, suna hira ta saman titi: farashin mai, ciwon baya, wa ya mutu a ƙauyen gaba. Shekara shida ke nan da rasuwar mijinta Crescencio, amma Fermín bai taɓa ɗaukar kujerarsa ya tsallaka ba. Yakan ce wa kansa bakin mutane yake gudu, alhali mutum sittin da uku ne suka rage a ƙauyen gaba ɗaya, rabinsu kuma ba sa ji sosai.

Yana sonta tun yana ɗan ashirin da huɗu. Bai faɗa mata ba a lokacin, don yana jiran ya tara abin da zai nuna. Ya kora tumaki kudu cikin Nuwamba kamar kowace shekara, da ya dawo a watan Mayu ya tarar an sa ranarta da Crescencio, abokinsa. Ya je bikin, ya ci, ya yi musu fatan alheri. Bai taɓa aure ba.

Yanzu kuma ranar Lahadi 'yarta Yolanda za ta tafi da ita birnin Zaragoza, gidan da ke da na'urar hawa bene da asibiti a bayan layi. Kwana biyar suka rage.

Laraba da safe Otilia ta ƙwala masa kira daga ƙofa. Tana dogare da sandarta, takarda a ninke a ɗaya hannun.

"Kai, Fermín, in ƙafafunka na aiki zo ka kai wa Macario wannan. Gobe nake so ya yi shela."

"Shelar me?"

"Kajina. Duk mai so ya zo ya ɗauka kafin Asabar, kyauta. Ba zan hau bene na bakwai da kaji ba."

"Har da baƙar nan mai saran mutane?"

"Kai kaɗai take sara. Ta san wanda bai da gaskiya."

Ya karɓa ya soka a aljihun riga. Daga littafinta na aji ta yago takardar, irin mai layi shuɗi da Malama ta raba musu duka a farkon shekara. Ya so ya ce wani abu, ya tsaya yana murza hularsa, sannan ya ce da alama za a yi zafi yau. Ta ce da alama.

Ya koma gida ya zauna a teburin kicin don yin aikin Malama. Niyyarsa ya rubuta irin abin da kowa zai rubuta: da na ci caca da na sayi mota, da na je bakin teku. Ya rubuta sunansa a sama yadda aka koya musu, ya sa lamba ɗaya, ya ɗaga kai yana tunani. Ta taga idonsa ya sauka a kan matakalar nan tata, wadda gefenta ya gutsure tun bara. Sau nawa ya ce zai gyara? Fensir ya fara tafiya da kansa.

Abin mamaki, bai sha wahala ba. Maganar da ta fi ƙarfin bakinsa shekara arba'in da bakwai, da aka maƙala mata wutsiyar nan sai ta yi ta fitowa, don ba roƙo ba ce, ba alkawari ba ce, babu wanda zai ce a'a. Aikin makaranta ne kawai, Malama za ta duba ta sa jan biro ta mayar masa. Da ya kai layi na goma sai ya tashi ya sha ruwa. Ya ninke takardar gida huɗu ya saka a aljihun riga.

A zauren gidan majalisa akwatuna biyu ne a bango. Ɗaya na Malama, tsohon kwalin takalmi da aka tsaga wa baki. Ɗayan na ƙarfe, na Macario mai shela. Duk mai son a sanar da gari wani abu, ɓatan kare ne ko zuwan likita, nan yake jefa takardarsa. Ƙarfe ɗaya na rana Macario zai buɗe, ya hau sama, ya saka kiɗan da ke gaya wa kowa ya kasa kunne, sannan ya karanta ta lasifikokin da ke rataye a hasumiyar coci da kusurwoyin layi. Shekara talatin yana wannan aiki da murya ɗaya, yana jan ƙarshen kowane layi, kuma abin da idonsa ya gani bakinsa ke faɗa ba tare da ya bi ta kansa ba. An taɓa jin sa ya karanta wa gari jerin cefanen matarsa har zuwa sabulu.

Alhamis da hantsi Fermín ya shiga zauren, ya bar tabaransa a gida. Ya zaro takarda ɗaya ya jefa a kwali, ya zaro ɗayar ya jefa a na ƙarfe. Ya wuce dandali, don ranar ce mai kifi ke zuwa da motarsa.

Yana cikin layi, mata tara a gabansa da bayansa, kiɗa ya tashi. Kowa ya yi shiru kamar kullum.

"Da umarnin mai girma magajin gari, ana sanar da jama'a cewa mai kifi ya iso dandaliii. Ana kuma sanarwa, Fermín Latorre, aikin ranar Alhamiiis."

Jakar hannunsa ta faɗi.

"Ɗaya. Da hali ya yi, da na gyara matakalar da ta kayar da keee. Biyu. Da na sake shafa wa ƙofarki koren fentiii. Uku. Da na riƙa sayo miki kifi ranar Alhamis ina cire miki ƙayaaa."

Mai kifi ya tsaya da wuƙa a sama. Basilisa ta juyo a hankali, baki buɗe, kuma a karon farko a tarihin garin babu abin da ya fito daga ciki.

"Huɗu. Da na kula da kajinki, har da baƙaaar. Biyar. Da na koyi dafa miyar wake yadda kike sooo. Shida. Da na raka ki wurin likita, na jira a wajeee. Bakwai. Da na daina shan tabaaa. Takwas. Da na ɗauki kujerata na tsallaka titiii."

Sai muryar ta tsaya. Aka ji takarda na motsi, aka ji Macario ya ce da muryarsa ta gida, "Wai wannan mene ne haka?" Lasifika ta yi ƙara ta mutu.

Ƙofa ɗaya ce koriya a duk Valdecierzo, kuma akwai lasifika a kusurwar layinta. Fermín ya san wannan, don shi ya riƙe wa Macario tsani ranar da aka kafa ta. Ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. Da sun yi dariya da ya fi masa sauƙi, amma babu wadda ta yi. Basilisa ta taɓa hannun rigarsa ta ce a hankali, "Kai kuwa, Fermín." Ya fita daga layi bai sayi kifin ba, ya bi ta bayan coci, ya shiga gidansa ta ƙofar garke don kada ya bi ta gaban tata.

Bai je aji ba. Bayan an tashi, Malama Nieves ta ƙwanƙwasa masa ta baya da takardu biyu a hannu.

"Baba Fermín, Macario ya ce a ba ka haƙuri, kunya ta hana shi zuwa. Wannan naka ne. Wannan kuma na kaji, a akwatina na same shi."

Ya karɓa bai dube ta ba.

"Na duba naka," in ji ta. "Wutsiyoyin duka daidai ne, goma cikin goma. Ban sa jan biro ba." Ta nuna ɗayar takardar. "In mayar wa Macario ta kajin ya karanta gobe?"

"Bar ta. Ni zan kai."

Bai kai ba. Bai fitar da kujera ranar ba, bai fitar ranar Juma'a ba. Ya zauna a kicin da labule a sake, yana leƙe ta gefe kamar ɓarawo a gidan kansa. Ya ga ta fito duka yammacin biyu, ta zauna a wurinta, hannuwa bisa sanda, tana fuskantar rufaffiyar ƙofarsa har inuwa ta cinye titi. Kunya ta riƙe shi, kuma ya ji haushin kansa ƙwarai, don kwana uku suka rage masa ya zubar da biyu.

Asabar Yolanda ta iso da mota da kwalaye. Da la'asar yana zaune ya ji wani sauti a titi, ƙwas na sanda, sai jan katako, sai shiru, sai kuma ƙwas. Ya ɗaga labule. Otilia ce ke tsallakowa, sanda a hannun dama, hannun hagu yana jan kujerarta. Yolanda ta leƙo tana cewa, "Mama, bari in kawo miki mana," Otilia ta ce mata ta koma ta ci gaba da ɗaurin kayanta. Kafin ya gama neman takalminsa ta iso.

"Buɗe, na san kana nan. Hayaƙin tabarka har titi."

Ya buɗe. Tana haki, gumi a goshinta.

"Fito da taka kujerar. Ba zan yi magana da mutum yana tsaye a kaina kamar ɗan sanda ba."

Ya fito da ita ya ajiye kusa da tata. Suka zauna suna kallon koriyar ƙofa daga wannan ɓangaren. Ta ce ashe haka fentin ya koɗe.

"Babu wanda ya zo ɗaukar kaji," in ji ta.

"Takardar tana wurina."

"Na sani. Naka ne yanzu, ai duk gari shaida ne ka ce za ka kula da su." Ta gyara zaman ƙugunta. "Takwas na ji. Na yi ajin nan shekara biyu, Nieves goma take bayarwa, ba ta taɓa ragi ba. Ina sauran biyun?"

"Otilia, aikin makaranta ne."

"To karanta min aikin makarantar."

Ya shiga ya ɗauko takardar da tabarau, ko da yake ya haddace ta tsaf. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, dole ta matso da kunnenta mai kyau.

"Tara. Da na roƙe ki ki zauna."

Ya sauke yatsa zuwa layin ƙarshe.

"Goma. Da na tsufa kusa da ke."

Ta daɗe tana kallon sandarta. Can ta ce, "To ga ni. Roƙa."

Ya cire tabarau, ya ninke, ya sake buɗewa. "Ki zauna, Otilia. Kada ki tafi. Ina sonki, tun kafin Crescencio."

"Na sani," in ji ta. "Har Crescencio ya sani, Allah ya ji ƙansa. Kai kaɗai ne kake zaton sirri ne." Ta share ido da bayan hannu. "Shekarar nan da ka tafi kudu, sau uku ya tambaye ni. Na ja shi har Afrilu. Kullum sai na tare mai kawo wasiƙa."

"Ban iya rubutu ba a lokacin."

"Da ka sa wani ya rubuta maka. Ko gicciye ka zana a takarda da na gane." Babu faɗa a muryarta. "Ban yi da-na-sani da shi ba, mutumin kirki ne. Amma shekara shidan nan, Fermín, kullum da yamma ina cewa yau zai tsallako. Har na riƙa matsar da tukunyar fure don kujera ta samu wuri."

Ya tuna tukunyar. Ya ga ta matsar da ita, ya ɗauka rana take nema wa furen.

"To yanzu fa?" ya tambaya.

"Yanzu likita ya ce ɗayan ƙugun ma sai an yi aiki a kaka. Hunturu a nan ba zai bar ni ba, ka san yadda ƙanƙara ke rufe hanya. Kai kuma gwiwoyinka ba su iya ɗaukar kanka, balle ni. Ba zan yarda ka fara da ɗaukar fo ba." Ta ɗora hannunta a kan nasa, ta bar shi a nan. "Gobe zan tafi. Amma na ji daɗi da na ji, ko da ta bakin Macario ne. Na zauna a kicin ina kuka ina dariya, har miya ta ƙone."

Daga cikin gidanta ana jin Yolanda tana jan kwali.

"Na goman nan kuwa," in ji Otilia, "ban san me kake nema ba. Ai ka riga ka tsufa kusa da ni, sakarai. Ina kallo gashin nan ya yi fari ɗaya bayan ɗaya. Taku goma sha ɗaya ne kawai."

"Ke ma kin ƙirga?"

"Yau ashirin da shida na yi."

Ta miƙa hannu ya ba ta takardar, ta ninke ta saka a ƙirjin rigarta. Ta ce Yolanda ta yi alkawarin kawo ta bikin gari cikin Agusta, in ƙafar ta yarda. Ya ce za ta yarda. Ta ce shi ba likita ba ne. Suka zauna hannu cikin hannu a gaban duk mai wucewa, Basilisa ma ta wuce sau biyu ba tare da wani dalili ba, har Yolanda ta fito ta ce abinci ya huce. Ya raka ta har ƙofa, ya tallafe ta a matakalar. Kujerar ta ce a bar ta inda take, babu wuri a mota.

Lahadi bayan an fito daga coci suka tafi. Ya tsaya a tsakiyar titi har motar ta sha kwanar maƙabarta, bai ɗaga hannu ba don yana riƙe da kwandon kaji.

Litinin da sassafe Basilisa ta fito sayen burodi ta same shi durƙushe a gaban koriyar ƙofa, ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin gwiwoyinsa, bokitin siminti a gefe. Ya fasa gutsurarren gefen matakalar yana jera sabon dutse. Taba babu a bakinsa, wani tsinke yake tauna.

"Fermín, gidan fa babu kowa," in ji ta.

"Na sani."

"To wa kake gyara wa?"

Bai ɗago ba. Ya ɗebi siminti ya shafa, ya daidaita da bayan cokalin gini.

"In kin je shago," in ji shi, "ki tambayar min ko suna da koren fenti."